Yadda Dakta Ya Adana Muryar Surukinsa

Ranar da Dakta ya faɗo shagona da takarda a hannu yana cewa gwamnati ta gano shi, ina tsakiyar rage wa wani ƙafar wando ne, ko kai ban ɗaga ba. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, shagonsa na buga takardu jingine da nawa na ɗinki, kuma a cikin shekarun nan an sha gano shi. Gidan rediyo ya taɓa gano shi, wata jarida ma ta taɓa gano shi, duk a bakinsa muka ji. Saboda haka na ce masa madalla, na ci gaba da taka kekena.

Shi fa ba likita ba ne, kuma bai taɓa zama aji a jami'a ba. Aikinsa buga wa ɗalibai kundin kammala karatu a kwamfuta. To da yake ya buga ya fi ɗari huɗu, na tarihi da na harshe da na zamantakewa, sai ya zauna ya yi tunani: idan wanda ya rubuta guda ɗaya ana ba shi digiri, ina ga wanda ɗari huɗu suka bi ta yatsunsa? Mu 'yan layi muka laƙaba masa Dakta don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa da fenti a saman ƙofa.

Amma wannan karon takardar ta gaske ce, da hatimi da komai. Akwai wata hukuma ta gwamnati da ke ba da tallafi don bincike da adana tarihi. Wani malamin jami'a ya kawo fom ɗinsa a buga masa, Dakta ya hango a ƙasan shafi cewa an ware wani ɗan kaso don jama'ar gari, ga duk wanda zai ɗauki muryar wani tsohon ma'aikaci yana ba da labarin aikinsa. Ya cike nasa ya tura. Ban san me suka gani ba, wataƙila a cikin masu nema babu wanda ya kai shi iya jera layi a takarda. Suka aiko masa da rikoda 'yar ƙarama kamar sabulu, da abin saƙalawa a kunne, da ɗan kuɗin ɗawainiya. Sharaɗin guda ɗaya ne, awa goma na muryar tsohon, a kai laburare a ajiye.

Tsohon kuwa surukinsa ne, Baba Direba, wanda ya shekara arba'in yana tuƙa jirgin ƙasa tun lokacin da ake zuba wa jirgi gawayi. Baba ba mai yawan magana ba ne. Sai ya wuni a kan kujerarsa bai ce komai ba in ban da amsa gaisuwa. Amma waɗanda suka taɓa dacewa sun ce idan ya fara labari, mai wanki yakan manta da kaya a ruwa. Farawar ce aiki. Sai ya yi shiru mai tsawo, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa ɗaya, sannan maganar ta taso a hankali.

Matar Dakta malamar firamare ce, Malama muke ce mata, kuma ita ta kawo sunan mahaifinta tun farko. A satin nan ta shigo wurina da rigunan makarantar yara a saki musu ƙasa, ta zauna ta faɗa mini abin da ke cinta. Likitoci sun ga wani abu a maƙogwaron Baba, sun sa ranar aiki nan da sati uku, kuma sun gaya mata ƙarara cewa za a ceto ransa da yardar Allah, amma muryar da wuya ta dawo. Ta ce ita ba ruwanta da gwamnati ko laburare. So take 'ya'yanta su girma da muryar kakansu a gida. Ita kanta mahaifiyarta ta rasu tana goye, kuma har yau ba ta taɓa jin yadda iyayenta suka haɗu ba, nauyin Baba ya hana ta tambaya. Na tausaya mata ƙwarai, na kuma sake tausaya mata da na tuna hannun wanda rikodar take.

Shi Dakta nasa shirin ya wuce nan. Littafi zai yi, juzu'i uku. Za a fassara shi. Za a gayyace shi ƙasashen waje, kuma ya riga ya yanke cewa ba kowace gayyata zai amsa ba. Ya sa na ɗinka masa kwat mai facin fata a gwiwar hannu, wai haka manyan masana suke sawa. Na ce masa tsufar riga ce take sa su yi facin, tasa kuwa sabuwa ce dal. Ya ce in yi abin da aka sa ni.

Aka tsara za a riƙa ɗauka kullum daga ƙarfe goma zuwa sha biyu a falon gidansa, wanda ke bayan shagunanmu, lokacin da Malama da yara suke makaranta. Rana ta farko, goma da rabi ba ta cika ba sai ga shi ya fito da abin kunne rataye a wuya, ya nufi rumfar mai walda da ke tsallaken layi. Ya ce masa ƙarar injinsa tana shiga cikin tarihin ƙasa.

"Ƙofar mutane nake haɗawa," in ji mai walda, ko baƙin gilashin idonsa bai cire ba.

"Nan da shekara ɗari masu bincike za su kunna wannan abin. Me kake so su ji?"

"Su ji an yi walda."

"Ka ga irinta. Shi ya sa muke baya."

"Kai da kake gaba, ƙofar shagonka wa ya haɗa maka?"

Da abin na Dakta ne kawai, da sun wuni a nan. Amma labarin maƙogwaron Baba ya riga ya zaga layi, kuma babu wanda ba ya ganin girman tsohon. Mai walda ya kashe injinsa ya ce ya ba da awa biyu kullum, don Baba, ba don kwat ba.

Washegari aka je kan mai niƙa, wata mata mai jiki da murya, wadda injinta ke ƙarshen layi. Ta ce ta yarda, amma duk maigidan da abincinsa ya yi latti, shagon Dakta za ta turo shi. Rana ta uku aka zo kaina. Wai ƙit-ƙit ɗin kekena yana fitowa a rikoda. Na ce tsakanina da falon nan akwai bango biyu da tsakar gida. Ya ce rikodar ta gwamnati ce, tana jin abin da kunnen tela ba ya ji. Na ɗage ƙafata daga kan keke ina ƙunƙuni.

Sai aka zo kan zakara. Mai niƙa tana da wani jan zakara da bai san lokaci ba, duk sa'adda ransa ya so yake cara. Dakta ya kifa masa kwando, ya yi cara a cikin kwandon. Ya lulluɓe kwandon da bargo, carar ta fito kamar mutum ne a rijiya yake neman taimako, mutum biyu har suka leƙo daga gidajensu. Ganin haka sai ya cusa zakaran a cikin sabuwar kwat ɗinsa, ya nufi wata unguwa da niyyar ajiye shi wurin wani aboki zuwa sha biyu. Mutanen can ba su san Dakta ba. Abin da suka gani shi ne baƙo da kwat a tsakar rana, yana sauri yana waige-waige, jelar zakara tana leƙowa ta hammatarsa. Kafin labari ya iso mana sun zaunar da shi a ƙasa. Muka same shi yana yi musu bayanin tallafin gwamnati, wani dattijo yana cewa shi dai tunda yake bai taɓa jin gwamnatin da ke tallafa wa ɗaukar kajin mutane ba. Sai da mai niƙa ta zo da kanta ta ce zakaranta ne, mutumin kuma maƙwabcinta ne, ba ɓarawo ba ne, wani ciwon ne daban yake damunsa. Zakaran ya yage shafin kwat ɗin daga ciki, ya kuma bar masa tsaraba a aljihu. Ni aka kawo wa gyara.

Duk wannan bai sa ya yi sanyi ba. Ya je ya aro lasifika. Kullum goma saura kwata sai ya fito yana kai-komo a layi yana shelar a yi shiru, har sai jariran da ke barci sun farka sun amsa masa. Amma gaskiya ɗaya ce, ya yi nasara. Daga goma zuwa sha biyu layinmu ya zama kamar an kwashe mutanen. Ni da mai walda da mai niƙa muka koma zaman benci a ƙofar shagona, hannu a cinya, muna kallon juna.

A cikin wannan shirun ne muka fara jin wani abu. Murya tana fitowa ta tagar falon, tar, ba tsayawa, tana hawa tana sauka. Muka kasa kunne ko za mu tsinci ta Baba. Awa biyu cur, murya ɗaya ce.

Da Dakta ya fito, mai walda ya tare shi ya ce shi fa mutum ɗaya yake ji a ɗakin nan, kuma ba tsohon ba ne.

"Gabatarwa ce," in ji Dakta. "Kowane bincike yana farawa da gabatarwa. Babi na ɗaya ke nan."

Bayan kwana huɗu mai niƙa ta tambaye shi ko gabatarwar ta ƙare. Ya ce tuni, yanzu suna babi na biyu, bitar ayyukan magabata. Ta ce ai magabacin yana zaune a gabansa. Ya ce ba za ta gane ba. Daga nan akwai babi na uku, hanyoyin gudanar da bincike, shi kuma Baba yana babi na huɗu.

"Likita kuma yana babi na nawa?" in ji ta.

Wannan tambaya ta ba shi haushi. Ya ce ashe zaman bencin nan ba na Allah da Annabi ba ne, satar bincike muke yi. Da yamma ya bi gida-gida yana aron katifa, wai don toshe ƙarar waje. Guda bakwai ya tara, ya jingina su a bango, ya toshe taga da biyu, ya kashe fanka domin ita ma tana da ƙara, ya cire agogon bango ya kai kicin. Daga ranar ba mu sake jin komai ba. Masu katifa kuwa kullum da yamma suke zuwa su ɗauki abinsu, da safe su dawo da shi a ka, suna tsine wa tarihi.

Ni kaɗai Allah ya nufa na ga cikin ɗakin. Wata katifa ce ta ƙi tsayuwa, sau biyu tana faɗo wa Dakta a ka, sai ya kira ni in tokare ta da bayana. Ɗakin kamar gidan burodi. Baba yana zaune a kujera, gumi yana bin wuyansa, hannayensa a kan sanda. Dakta da kwat, ya kunna rikoda ya ce zai yi tambaya ta farko. Na duba agogon hannuna. Tambayar ta fara daga wanda ya ƙirƙiro ƙafar keke, ta bi ta amfanin gawayi, ta tsaya kaɗan a kan yadda shi Dakta ya taɓa shiga jirgi yana ɗan shekara tara, ta ƙare bayan minti ashirin da biyu da cewa, ko ba haka ba ne, Baba?

Baba ya yi shiru. Ya gyara murya. Na ga yatsan nan ya fara ɗagowa daga kan sanda. Ya ja numfashi.

"Na gane, Baba," in ji Dakta. "Wato kana nufin a wancan zamanin..."

Yatsan ya koma inda ya fito. Sau uku ina ganin haka kafin sha biyu ta yi.

Da muka fito na ja shi gefe na ce masa, don girman Allah ya riƙa barin tsohon nan ya buɗe baki. Ya ce shiru a cikin rikoda asarar batir ne, ƙwararren mai bincike ba ya barin gurbi. Na ce ko ya taɓa sauraron abin da yake ɗauka? Ya ce kullum, kafin ya ci abinci ma, kuma bai taɓa jin aiki mai tsabta irinsa ba, murya tana fita tas. Ya ƙara da cewa ni allura na sani, in tsaya a kanta.

A nan ne na yi laifina, kuma har yau yana damuna. Kamata ya yi in je in gaya wa Malama. Na ji nauyin shiga tsakanin miji da mata, na ce wataƙila gobe ya gyara. Ita kuwa ta nemi ya kunna mata ko minti biyar, ya ce ƙa'idar bincike ta hana kafin ranar ƙaddamarwa. Ta tambayi mahaifinta yaya aiki, ya ce ana yi. Baba ba zai taɓa kai ƙarar surukinsa wurin 'yarsa ba. Haka kwanaki suka yi ta tafiya.

Hukumar ta rubuto cewa za ta turo jami'a ta karɓi rikodar a gida, ba wani biki. Dakta ya ce sam, aiki irin wannan ba a miƙa shi a ƙofar gida kamar saƙon wanki. Ya nemi zauren laburare, ya buga katin gayyata ɗari biyu da hotonsa a tsakiya, na Baba ƙarami a kusurwa. Ya sa ranar ana gobe za a kai Baba asibiti, don kowa ya ga tsohon.

Zaure ya cika. Duk wanda aka hana sana'a sati uku ya zo ya ji abin da aka hana shi dominsa. Masu katifa suna layin gaba. Malama ta zauna kusa da mahaifinta da yaranta uku, ta yi kwalliya, idonta yana ƙyalli. Jami'ar hukuma wata matashiya ce mai sanyin magana, ta zo da kwamfutarta ta jona da lasifikar zaure. Dakta ya tashi zai yi gajeren jawabi, ya yi minti arba'in. A ciki ya sanar cewa an nemi awa goma, shi ya kawo talatin, domin shi ba ya aikin rabi-da-rabi. Aka tafa, jami'ar ta danna.

Muryar Dakta ta cika zauren tana gabatar da kanta. Shi kuma yana zaune ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Bayan minti biyar jami'ar ta ce bari ta ɗan matsa gaba. Ta tsallake rabin awa. Dakta ne, yana bayanin ma'anar kalmar tarihi. Ta tsallake zuwa rana ta uku. Dakta ne. Rana ta biyar, Dakta ne yana kwaikwayon kukan jirgi da bakinsa, har da sauke tururi. Yaran da ke zauren suka fara kwaikwayonsa, iyayensu suna make su suna ɓoye fuska.

"Ana zuwa wurin," in ji Dakta. "Haƙuri ake yi da bincike."

Ta matsa rana ta bakwai. Nan kuma ya bar jirgi ya koma kan 'yan layi. Muka ji shi yana gaya wa Baba cewa mai walda ko karatun sunansa ba ya iyawa, mai niƙa muryarta ta fi ta injinta, shi kuma telan nan hannun riga ɗaya kullum ya fi ɗaya tsawo. Mai niƙa ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, sai da mata biyu suka riƙe ta. Ni kuwa na dubi hannayen kwat ɗin da ke jikinsa, na ga daidai suke.

A rana ta tara aka dace. Wata murya mai kauri, a dishe, ta ce, "To..." Zaure ya yi tsit, kowa ya miƙo wuya. Malama ta damƙe hannun 'yarta.

"Madalla, Baba," in ji muryar Dakta a lasifika. "Kafin ka ci gaba, bari in ɗan yi wa masu sauraro shimfiɗa."

Shimfiɗar ta kai ƙarshen rana ta tara.

Jami'ar ba ta yi fushi ba, ko kuma ta iya ɓoyewa. Ta ce kwamfutarta tana iya ware muryoyi, a ba ta minti kaɗan. Ta tattaro duk inda Baba ya yi magana a cikin awa talatin ɗin ta jera su, ta kunna. Aka ji "To" sau goma sha ɗaya. Aka ji "Haka ne" sau shida. Aka ji "A ba ni ruwa." Aka ji "Ba a kunna fankar nan ne?" Sai minshari mai ɗan tsawo, wanda shi ne mafi tsawon abin da Baba ya samu damar yi ba a katse shi ba. Duka-duka bai cika minti biyu ba.

Dariya ta ɓarke har mai gadin laburare ya leƙo. Mai walda ya kifa kai a kan kujerar gabansa yana dukan cinya. Dakta ya miƙe yana cewa kwamfutar ce ba ta da inganci, kuma a manyan ƙasashe ma shirun wanda ake hira da shi hujja ce ta ilmi. Babu wanda ya saurare shi.

Malama ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Na ga hawaye yana bin fuskarta, sai tawa dariyar ta maƙale. Ta durƙusa a gaban kujerar mahaifinta. Da mutane suka lura, zauren ya lafa.

"Baba, sati uku. Me ya sa ba ka yi magana ba?"

Baba ya yi shiru. Ya gyara murya. Dakta ya buɗe baki zai taimaka masa, mai niƙa ta juyo ta dube shi, ya rufe. Yatsan ya ɗago.

"'Yata, shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa shiga layin da wani jirgi yake kai ba. Tsayawa ake yi a jira ya wuce." Ya ɗan huta. "Wannan nasa dogo ne. Har yau ban ga ƙarshensa ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah sarki. Dakta ya zauna a hankali, fuskarsa ta yi tsuru-tsuru, yana murza facin gwiwar hannunsa.

Jami'ar ta duba agogo. Ta ce dole ta koma da rikodar yau, kuma dole ta rubuta abin da ta gani. Amma motarta sai ƙarfe biyar, yanzu kuwa biyu da 'yan mintoci. Ta tashi ta sa wa rikodar sabon batir, ta wuce Dakta da ya miƙo hannu, ta danƙa wa Malama. Ta tambayi Baba ko yana da ƙarfin yin magana, kuma ko akwai abin da yake buƙata. Ya ce ruwa, da fanka. Sannan ya juya yatsan nan ya nuna surukinsa, ya nuna ƙofa.

Ni da mai walda muka raka shi. Bai yi gardama sosai ba, ya dai ce a matsayinsa na shugaban aikin ya ga dacewar ya sa ido daga waje. Muka zaunar da shi a kan matakalar laburare, ƙarƙashin taga, ni a dama, mai walda a hagu.

Ciki shiru ya yi tsawo, har na fara tsoron ko tsohon ya fasa. Mutum kusan ɗari biyu, ko tari babu mai yi. Sai muryar ta taso, a dishe, a hankali. Ya ce wata rana yana saurayi, ya taho da jirgin kaya, ya hango jan ƙyalle ana kaɗawa a tsakiyar layi. Ya ja birki har ƙafafun jirgi suna feshin wuta, yana zaton gada ce ta karye. Da ya sauko sai ya tarar da wata yarinya da jan ɗankwali a hannu, akuyarta ta maƙale ƙafa a tsakanin ƙarafa. Saboda akuyar nan ya yi lattin awa ɗaya, aka dakatar da shi daga aiki sati biyu. Ya yi amfani da hutun ya nemo gidansu don ya kai ƙararta wurin mahaifinta. Sau biyar yana zuwa kai ƙarar, a na shida mahaifin ya ce masa in wata magana ce ke tafe da shi ya turo manyansa.

Muka ji Malama ta yi wata irin dariya da kuka a haɗe. Yaranta suna tambaya ƙasa-ƙasa ko kakarsu ce mai akuyar.

Na dubi Dakta. Ya sunkuyar da kai, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Shekara goma sha biyar yana auren 'yar mutumin nan, suna cin abinci a faranti ɗaya.

"Ashe haka muryarsa take," ya ce, a hankali ƙwarai.

Wallahi ya ba ni tausayi. Sai na ga ya ɗago kai ya ja dogon numfashi, alamar zai faɗaɗa bayani a kan abin da ya gano. Ni da mai walda ba mu yi shawara ba. Hannuna ya riga nasa isa, ya ɗora nasa a kai, muka riƙe bakin nan har biyar saura kwata.

Da safe aka kai Baba asibiti. Aiki ya yi kyau, ya dawo gida da ƙafarsa, amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage a duniya awa biyu ne da minti arba'in, kwafi ɗaya a laburare, ɗaya a wayar Malama. Yaran sun haddace shi kaf, kuma idan suka kunna, Baba yakan zauna ya saurari kansa yana murmushi.